Hararar Fadima

In aka tashi lissafin 'ya'yan da farin shekarar tamanin da huɗu ya kwashe a ƙauyenmu, sai a sa sunan Fadima a ciki, a ce Allah ya jiƙan su. Ni kuwa ba na yarda. Fadima ba yunwa ta ci ta ba. Ina cikin gidan, ni ce matar ƙanen ubanta, murhuna ɗaya da uwarta, don haka kada wanda ya zo ya ce mini shekara ce ta zo da haka. Na yi shiru lokacin da magana za ta yi amfani, abin da yake cina ke nan har yau.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye gabas da Unguwar Lalle. Mu uku ne mata a ciki. Akwai Saude matar Yaya Labbo, wanda shi ne babban gida, akwai ni Larai, sai Yaya Kande, yayar mazajenmu, wadda ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, ta dawo gidan ubanta ta zauna. Fadima ita ce 'yar farin Saude. Ranar da aka yaye ta aka ɗauke ta aka kai ɗakin Yaya Kande, aka ce ta zama tata.

A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninsa. Wasu matan sama-sama suke riƙe wannan kunya, amma Saude da gaske ta riƙe ta. Shekara shida ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. In dole ta kama, sai ta sunkuyar da kai ta ce "ɗiyar Yaya". Mata har misali suke yi da ita.

Ba zan yi wa Yaya Kande ƙarya ba, tana son yarinyar kamar ranta. Ita ke yi mata kitso, ita ke rangaɗa mata kwalli kowace safiya, ita ta koya mata ta riƙa ce mata Inna. Sai dai so ne mai gadi. Ko murmushi Fadima ta yi wa wani, sai Yaya Kande ta bi ta ga wa aka yi wa. Ita kuma yarinyar, kamar da gayya, ba ta da wurin wasa sai gindin turmin Saude.

Damina ta ɗauke tun gero bai yi kai ba. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana biyar ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Maigidana ya tafi cin rani, Yaya Labbo ya zauna yana bin kasuwannin Isa da Bafarawa da jakinsa. Duk ranar da ya samo ɗan hatsi aka dama, Saude takan bar kurɓi biyu a gindin ƙwarya, ta ajiye kusa da turmi kamar ta manta. Wata rana Yaya Kande ta riga yarinyar gani. Ta ɗauki ƙwaryar ta tuttular a ƙasa, a wannan shekarar, ta ce, "Ɗiyata ba ta shan saura."

Saude ta ci gaba da dakanta.

A kakar da ba mu girbe komai ba ne hararar ta fara. Yaya Kande ta kira Fadima ta miƙo mata ludayi. Yarinyar ta juyo, ta karkatar da kai, ta dube ta ta gefe, baƙin idonta na hagu ya zame can kusurwa.

"Ni ki ka harara?"

"Ban harare ki ba, Inna."

"Ga shi kina yi! Ni za ki maida makauniya?"

Ta dalla mata mari. Sa'annan ta ɗaga murya yadda zai kai ɗakin Saude, ta ce, "Na san inda anka koya maki. A ci gaba, ni dai ban ce komi ba."

Tun daga ranar aka shiga. In Yaya Kande ta tsaya ta hagunta ta yafito ta, yarinyar ba ta motsi. In ta miƙa mata abu ta wannan ɓangaren, sai ya faɗi. Kowanne kuwa laifin Saude ne. "Uwatta ko tari tay yi ta ji," in ji Yaya Kande, "ni kau ko bisa kanta nit tsaya ba ta ganina." Gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Ni ma da bakina na riƙa tsokanar yarinyar ina ce mata sarauniyar harara, muna dariya. Allah ya yafe mini.

Bayan wata guda idon ya yi ja, ya kama zubar da ruwa. A shekarar nan kuwa babu gidan da ba mai ciwon ido. Wasu yaran apolo, wasu dundumi saboda yunwa, wasu ƙyanda ta bar musu hakiya. Yaya Kande ta kai ta ɗakin shan magani na garin da ke kusa da mu. Mai ba da maganin yana da layin yara kusan arba'in, duk da jajayen idanu. Ya ɗaga haɓarta, ya ce apolo ne, ya ba da man shafawa. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma da na duba abin da zan ce ke nan.

Yaran maƙwabta suka warke cikin mako guda. Fadima ba ta warke ba.

Saude ce ta tare ni a bakin rijiya, muna jiran ruwa ya taru a ƙasan guga. Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Larai, apolo ba ijiya biyu shi ka kamawa ba?"

Na ce haka ne.

"Kuma ba shi barin gida sai ya bi kowa. Wa yak kamu cikinmu?" Ta ƙara matsowa. "Ɗiyar Yaya ba ta gani da ijiya guda. Jiya na aje mata dabino ta hagu, tana zaune har kaza tad ɗauke ba ta sani ba. Ba harara ta ba, Larai. Juyowa ta ka yi ta gani da mai lahiyar."

Na ce, "To ki gaya ma Yaya Kande mana."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "Da wane baki? Ke ki gaya mata, don Allah. Kak ki ce ni nic ce."

Da na koma gida na sami Yaya Kande tana tsince anza, na faɗa mata a hankali. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Yaya, ni dai nag gani."

"Ƙarya ki kai. Ke da ko ɗan tsako ba ki riƙa ba, ina kinka san ciwon ɗiya? Ki koma ki ce mata na ji. So ta kai a ce riƙona bai yi ba, a amshe a maida mata. Shekara huɗu tana kallon yarinyag ga tana kyau hannuna, abin na ci mata rai. Ai ni na san mi as sami ijiyag ga. Kambun baka na, kuma ba daga waje yat taho ba."

Kun ji fa. Mai kishin ita ce ta fara kiran wata mai kishi.

Na je wa Yaya Labbo da maganar yana ɗaure wa jaki mangala. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Larai, ni da bakina in tsaya ina maganar ɗiyar hwari? Sannan in dubi Yaya in ce mata mi? Ita tar rene mu bayan Inna ta rasu. Ku bari dai ruwa shi sauka, zahin ga na ka sa ciwo." Ya kora jakinsa ya fita. Ruwan da yake jira saura wata biyar.

Ana nan sai wani abu fari kamar nono ya kwanta a ƙasan baƙin idon. In yarinyar ta karkata kai, sai ya gangara ya bi. Wannan kam ya tsorata Yaya Kande. Da aka ji wani ma'aikacin ido ya zo Sabon Birni zai yi kwana uku, ta shirya tun da safe ta goya Fadima, 'yar shekara shida, ƙafafunta na reto. Na ce in raka ta, ta ce ba ta bukata. Saude tana tsaye a ƙofar ɗakinta da jaririnta Ibrahima a baya, tana bin su da ido har suka fice.

Da la'asar suka dawo. Fuskar Yaya Kande a murtuke, ta ce, "Sun ce ba komi, zahi na." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Daga nan kwanakin yarinyar suka fara lalacewa. Idon ya kumbura ya turo fatar. Ta daina zuwa gindin turmi, ta daina wasan 'yartsana da ta haɗa da karan dawa. Sai ta dafe kai ta ce, "Inna, kaina na sara." Ɗan abin da aka samu aka ba ta, ta amayar. Yaya Kande ta shiga nema ba ji ba gani, rubutu, hayaƙi, laya a wuya, ruwan saiwa a ɗiga a idon yarinyar tana ihu. Duk wanda ya ba ta magani sai ta gaya masa baki ne, shi kuwa ya ce lalle baki ne. Kowace safiya kuma sai ta sa wa idon mai lafiya kwalli, ta ɗaure ɗayan da ƙyalle.

Ta hana Saude shiga ɗakin. Wai mai baki ba ya ganin wanda ya kama.

Saude ba ta yi musu ba. Sai kawai ta mirgino turminta ta kafa shi a jikin bangon ɗakin Yaya Kande. Babu hatsin dakawa, amma kullum da hantsi sai ta zuba ɗan abin da ta samu, ko ƙaiƙayi ne, ta yi ta lugude a hankali. Na leƙa wata rana na ga Fadima kwance ta manna kunnenta da bangon. Yaya Kande ma ta gani. Da Yaya Labbo ya dawo ta ce ƙarar tana ƙara wa yarinya ciwon kai, shi kuma ya ce a mayar da turmi inda yake. Aka mayar.

Wata huɗu aka yi a haka.

Ranar da asiri ya tonu, suna ake yi a maƙwabta, suna na shekarar fari, ba rago ba tuwo. Kwallina ya ƙare, na roƙi Yaya Kande ta ɗan sam mini. Hankalinta yana kan yarinyar, ta buɗe wani kwano ta miƙo mini ƙulli a takarda ta ce in ɗiba in dawo mata da shi. Ta manta ni na yi firamare a Isa har aji shida.

Da na warware sai na ga sunan Fadima Labbo a sama. Rubutun Turanci ne, kwalli ya ɓata rabinsa, amma na karanta kwanan wata, na karanta Sakkwato, na kuma gane wata kalma da aka ja wa layi biyu a ƙasa, wadda ke nufin a gaggauta. Na fito tsakar gida da takardar a hannu, ban ma san na ɗaga murya ba.

"Yaya, wagga takarda hwa? Ba kin ce sun ce ba komi ba?"

Ta fito, ta ga abin da ke hannuna, ta tsaya. Na zaci za ta musa. Ba ta musa ba.

"Kin san mi yac ce man?" in ji ta. "Gaban mutane yat tambaye ni, ke kinka haihe ta? Nic ce ɗiyata ta. Yac ce ba shi ya tambaya ba. Wai uwad da ta haihe ta shi ka so, ita za ta kai ta Sakkwato, a duba har ƙanenta. Shekara huɗu ina wankin kashinta, ina hana cikina in ba ta, sannan wani yaro da alƙalami shi ce ni ba kowa ba ta? In kawo takarda in miƙa ma Saude da hannuna, ta goya ta ta wuce ni? Nic ce ni za ni warkad da abata."

"To ta warke?" na ce.

Saude tana bayanmu, ta ji komai. Ta wuce mu ta ɗaga labulen da aka hana ta ɗagawa, ko sallama babu. Ta fito da yarinyar a kafaɗa, Ibrahima a baya. Yaya Kande ta riƙe mata zane tana cewa, "Aje man ɗiyata! Ke ba ki da kunya?" Saude ta fizge. A zaure Yaya Labbo ya tare ta, ya ce ina za ta ba da izninsa ba.

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "To ka hana ni, Malam."

Ya kauce. Na ɗauki mayafina na bi ta.

Wani ɗan kasuwa, Alhassan, ya ɗauke mu a bayan motarsa a kan buhunan kanwa har Sakkwato. A asibiti da mai rubutu ta tambayi sunan yarinya, Saude ta juyo ta dube ni, ni na faɗa. Ko a can kunyar ba ta sake ta ba.

Likitan ya daɗe yana dubawa, ya sa aka ɗauki hoton kanta. Kashegari ya zaunar da mu, ya shimfiɗa takardar kwallin a kan tebur.

"Ciwon daji ne na cikin ido," ya ce. "Yawanci ƙananan yara yake kamawa, kuma yakan nuna kansa, a ga tsakiyar idon yana ƙyalli fari kamar na kyanwa. Nata bai zo haka ba. Ya zo da karkacewar ido, da ja, da abu kamar mugunya, shi ya sa ko ma'aikaci zai iya ɗaukarsa ciwon ido ne na yau da kullum. Amma wanda ya rubuta wannan ya yi zarginsa. Ya nemi uwar ne don ciwon yakan bi jini, a duba ƙanenta." Ya nuna Ibrahima. "Shi lafiyarsa lau. Ita kuwa, da a wannan kwanan watan kuka zo, da mun cire idon, da wataƙila ta rayu da guda. Yanzu ya bi jijiya ya shiga kai."

Saude ta ce, "A cire yanzu, likita. Ko duka biyun na, a cire, ni za ni ja ta."

Ya girgiza kai.

Kwana tara muka yi. A rana ta bakwai ɗaya idon ma ya daina gani. Da azahar yarinyar ta farka tana lalube, tana neman ruwa. Saude ta ɗauko kofi, ta tsaya a kanta, leɓɓanta na motsi. Sai na ji ta ce, "Fadima."

Yarinyar ta tsaya cak. "Wa na?"

"Ni ta. Fadima, tashi ki sha."

Ta juyo da fuskarta wajen muryar, ta karkatar da kai yadda ta saba, ta ce, "Ashe kin san sunana."

Na fita waje na zauna a ƙasa na yi kuka har mutane suka taru a kaina.

A rana ta tara ta cika. Da muka koma gida, a ƙofar Yaya Kande aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa, don ita ce uwa. Tana birgima, mata na riƙe ta suna ba ta haƙuri, suna cewa riƙo dai ta yi shi, Allah ya ba da lada. Saude ita ke ɗebo wa masu gaisuwa ruwa, idonta a bushe. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Kai, Saude akwai kara, ko hawaye." Yaya Labbo yana zaure yana gaya wa maza shekarar ce ta zo da ciwo iri-iri. Babu wanda ya ambaci takarda. Wadda ta hana, da wanda ya kau da kai, da ni mai dariyar harara, duk muka zauna aka yi mana gaisuwa muna amsawa.

Bayan shekara biyu na haifi 'yar farina. Na riƙe abata, kuma tun daga bakin rijiya nake ƙwala mata kira da sunanta. Sun ce Larai ba ta da kunya. Na ce na ji.

Amma tun ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, Yaya Kande ta kira ni ɗakinta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na zaci yafiya za ta nema, ko ta tambayi abin da likita ya ce. Ta riƙo hannuna ta matso da ni.

"Larai, don Allah gaya man gaskiya. Da za ta cika, wa tak kira?"

Na ce, "Inna tac ce."

Fuskarta ta saki, har ta yi ajiyar zuciya. Can kuma sai ta ƙara damƙe hannuna.

"Wace Innar?"

Na zare hannuna na fito. Ta sake tambayata a damina, ta tambaye ni da kaka, ta yi ta tambayata har tsufa ya kwantar da ita. Na san amsar, ina wurin, na ga zanen da yarinyar ta riƙe. Amma na naɗe ta na ajiye, yadda ita ma ta naɗe takardar.